Ina ruwan Bakatsine da nono mai haske a duhu?

Duk mai waya da ɗan data ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan. An kashe wutar ɗaki, wani matashi a Amurka ko Turai ya ɗaga kofin gilashi, ruwan da ke ciki yana ƙyalli kore shar, ya kai baki ya kurɓa. Wani lokaci yogot ne a cokali, wani lokaci yankan kifi a kan shinkafa. Sai a ce da hannunsa ya sauya wa yis ko bakteriya ƙwayoyin halitta, a kicin ɗin gidansu, ba jami'a ba kamfani. In bidiyon ya iso majalisa a Ƙofar Ƙaura ko teburin mai shayi a Daura, kafin shayi ya huce an yanke masa hukunci. Wani ya ce haɗin kwamfuta ne. Wani ya ce ga irin abin da ake shirin ɗura mana a abinci, shi ya sa ko kyauta aka ba shi irin GMO, wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ba zai shuka ba. Ɗan jami'a kuma ya ja tsaki ya ce duniya ta yi nisa, mu muna nan muna musu.

A nawa ganin, cikin duk abin da ke kofin nan, hasken shi ne mafi ƙarancin haɗari, kuma a wajen masana shi ne mafi arha. Alama ce kawai da ke nuna cewa saƙon da aka cusa wa ƙwayar ya shiga, yana kuma aiki. Abin tsoron yana wani wuri daban, abin amfanin ma haka, kuma dukansu sun fi kusa da ƙwaryar nononmu da buhun gyaɗarmu fiye da yadda ake zato.

Haske iri biyu ne ake cuɗawa wuri ɗaya. Akwai abin da ke yin haskensa da kansa, irin maƙesu, ƙwaron nan mai walƙiya a fadama da daren damina. A jikinsa akwai wani sinadari, lusiferin, da wani furotin da ke haɗa shi da iskar oksijin, sai haske ya fita ba tare da zafi ba. Akwai kuma abin da ba ya haske sai an haska shi: ya karɓi hasken da ido ba ya gani sosai, ya mayar da shi da wani launi. Ana kashe fitila ya koma duhu. Kusan duk abin ci da abin shan da ake nunawa na biyun ne. Akwai fitila a gefe, kyamara ce ba ta nuna ta ba.

Fitilar kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce shuɗiyar nan da 'yan canji da wasu masu shago ke duba jabun kuɗi da ita. Wani dare da aka ɗauke wuta bayan magariba, a shagon wani ƙanena, muka jera abubuwa a kan kanta muna haskawa. Kwalbar tonik ta koma shuɗiya mai ƙyalli, saboda kwinin da ke cikinta, wanda iyayenmu suka sha don zazzaɓi. Ƙwayar bitamin B da muka narkar a ruwa ta ba da ruwan ɗorawa mai kore-kore. Ganyen zogale muka daka, muka jiƙa a sifirit, muka tace; koren ruwan nan ana haska shi ya koma ja. Har farar shaddar da ke jikina ta ɗauka, saboda abin da masu yin omo ke zubawa don fari ya ƙara fita. Wani dattijo maƙwabcin shagon ya leƙo ya ce, "Kai yaro, mi kuka zuba ciki?" Ƙanena ya ce, "Wallahi Baba ba komi, fitilar ce." Ya ce in dai fitilar ce, ai kunama ma haka take yi, jikokinsa sun nuna masa. Gaskiyarsa ce, ɓawon kunama na ƙyalli a ƙarƙashin wannan fitila. Cikin abubuwan nan babu wanda aka taɓa wa ƙwayar halitta. Saboda haka ganin haske a kofi ba hujja ba ce cewa an sauya komai, kuma mai son ruɗa jama'a ba ya bukatar digiri, kwalbar tonik ta ishe shi.

Amma akwai na gaske. Asalinsa wata halittar teku ce da ake kira jelifish, mai siffar lema, jikinta kusan duk ruwa ne, ana samunta a gaɓar tekun Fasifik ta arewa maso yammacin Amurka. Wani masanin sinadarai ɗan Japan, Osamu Shimomura, ya fara zuwa Friday Harbor a jihar Washinton a 1961, yana kamo su da raga, yana yanke gefen lemar yana matsewa, don ya gano abin da ke sa su haske. Ya samu furotin mai ba da shuɗin haske, wanda shi yake nema. A gefe kuma ya lura da wani da ke karɓar shuɗin ya mayar da shi kore, ya ɗan ambace shi a rahotonsa na 1962. Wannan na gefen shi ne GFP, gajeren sunan furotin mai ƙyallin kore a Turance. Shi da iyalinsa da abokan aikinsa sun kama jelifish kimanin 850,000 a tsawon shekarun aikin. An yi shekara talatin ba wanda ya san amfanin koren furotin nan. In a nan ne, da tuni dangi sun zauna a kan mutumin, an ce ya nemi sana'a.

A 1992 wani Ba'amurke, Douglas Prasher, ya ware ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin haɗa GFP. Kuɗin bincikensa suka ƙare, ya aika ta ga waɗanda suka nema, ciki har da Martin Chalfie da Roger Tsien. A 1994 Chalfie ya nuna cewa in an sa ta cikin bakteriyar E. coli ko wata 'yar tsutsa, su ma sai su yi kore. Abin da ya girgiza masana shi ne furotin ɗin ba ya neman komai daga jelifish. Duk halittar da aka ba umarnin za ta iya haɗa shi, in dai akwai oksijin. Tsien ya yi ta sarrafa shi har ya fitar da launuka iri-iri. A 2008 Shimomura da Chalfie da Tsien suka samu kyautar Nobel a fannin sinadarai. Ba a raba kyautar ga fiye da mutum uku, kuma a lokacin Prasher yana tuƙa motar ɗaukar kwastomomi a wani wurin sayar da motoci a jihar Alabama. Chalfie da Tsien ne suka biya masa kuɗin zuwa bikin.

Me ya sa aka ba abin wannan daraja? Saboda cikin ƙwayar halitta ba a ganin wa ke yin me. In ka liƙa GFP a jikin furotin da kake bibiya, za ka ga inda ya nufa da lokacin da ya tashi aiki, ƙwayar tana raye. Kamar fentin da dillali ke shafa wa rago a baya ne a karar Mai'aduwa: bai ƙara wa ragon ƙiba ba, bai rage masa ba, amma ko ya shige cikin garke ka san naka.

Yadda ake cusa saƙon bai kai wuyar da ake zato ba. Bakteriya na da ɗabi'ar haɗiye wasu ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid. Kamfanin Bio-Rad ya daɗe yana sayar wa makarantun sakandare a Amurka wani ƙunshi mai suna pGLO. Ɗalibi zai sa bakteriya da zoben cikin ruwan gishirin kalsiyam mai sanyi, ya tsoma kwalbar a ruwa mai zafin digiri 42 na kimanin daƙiƙa 50, ya mayar kan ƙanƙara. Cikin miliyoyin ƙwayoyi 'yan kaɗan ne ke haɗiye zoben. To ta yaya za a tsince su? Zoben na ɗauke da wata ƙwayar gado ta biyu wadda ke sa bakteriya ta jure wa amfisilin. Sai a zuba maganin cikin abincinsu a faranti. Waɗanda ba su haɗiye ba su mutu, waɗanda suka haɗiye su yi ta hayayyafa. Sannan akwai makunni. GFP ɗin ba ya kunnuwa sai an ba bakteriyar wani nau'in sukari, arabinos, wanda daga ƙaro aka fara samo shi. Faranti biyu, bakteriya iri ɗaya, washegari mai sukarin yana ƙyalli, ɗayan ko alama. Jure wa magani da makunnin nan, a kansu ne maganar haɗari da ta amfani suka rataya.

Da kayan aiki suka yi arha, tsoffin injinan jami'o'i suka fara shiga kasuwar gwanjo ta intanet, sai abin ya fita daga hannun jami'o'i kaɗai. A 2008 Jason Bobe da Mackenzie Cowell suka kafa ƙungiyar DIYbio a yankin Boston, ta masu gwajin halittu don sha'awa. A 2010 aka buɗe Genspace a Buruklin ta birnin New York, ɗakin gwaji na jama'a, mutum ya biya kuɗin wata ya shiga ya koyi aiki a ƙarƙashin ƙa'ida.

Wadda labarinta ya fi jan hankalina cikinsu ita ce Meredith Patterson, mai rubuta manhajar kwamfuta a San Faransisko. A 2008 ne aka yi badaƙalar madara a ƙasar Sin. Masu madara suna tsarma ta da ruwa, sannan su zuba wani sinadarin yin roba, melamin, wanda ke ruɗar gwaji ya nuna kamar furotin ya cika. Jarirai kusan 300,000 suka kamu da ciwo, aƙalla shida suka rasu. Patterson ta sayo yogot a kanti, ta yi odar DNA ɗin GFP da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ta shiga ƙoƙarin sauya bakteriyar yogot ta riƙa yin kore in ta gamu da melamin. Aikin bai kai ga fitar da wani abu a kasuwa ba. Amma jaridu da suka ɗauki labarin sun fi riƙe "yogot mai haske", suka bar dalilin a baya. Ita kuwa ba ado take nema ba, ɗan tsegumi take son ƙerawa, wanda zai tona asirin mai algus.

Sauran sun fi karkata ga burgewa. A 2016 wani ƙaramin kamfani a Kalifoniya, The ODIN, ya fara sayar da ƙunshin sauya yis don a yi giya mai ƙyalli a gida. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tuntuɓe su, ta ce za a iya ɗaukar furotin ɗin a matsayin rinin abinci, kuma ba a amince da shi ba. Kamfanin ya gyara kalmomin tallarsa. Giya a wajenmu ba abin tattaunawa ba ce. Sai dai yis ɗin giya jinsinsu ɗaya da na burodi da fanke, don haka maganar za ta iya shigo mana ta ƙofar gidan burodi, ko da yake zafin tanderu na lalata GFP tun kafin burodi ya nuna. Kifin kuwa GloFish ne, ɗan ƙaramin kifin ado da aka fara ƙerawa a Jami'ar Singafo da niyyar ya riƙa nuna gurɓatar ruwa, aka fara sayar da shi a Amurka a 2003. Wasu masu fasahar zane da girki suka ɗora shi a kan shinkafa don tsokanar muhawara, alhali masu sayar da shi sun ce ba na ci ba ne.

Yanzu a zo ga nono, tunda shi ne namu. Yin kindirmo mai ƙyalli ya fi yin faranti mai ƙyalli wuya nesa ba kusa ba. Bakteriyar da ke tsamar da madara fatarta na da kauri, ruwan zafi da ƙanƙara ba sa buɗe ta cikin sauƙi, yawanci sai an buga mata wutar lantarki da inji na musamman. GFP ba ya son tsami, yana dushewa, nono kuwa tsami ne sana'arsa. Yana bukatar oksijin kafin ya nuna, cikin kindirmo kuma iska kaɗan ce. Madara ba ta barin haske ya ratsa ta. Babbar matsalar ita ce, haɗa GFP wahala ce ga bakteriya, ba ta cin ribar komai da shi. In ba a ci gaba da zuba maganin da ke tilasta mata riƙe zoben ba, bayan 'yan zuri'o'i sai ta yar da shi, ko waɗanda ba su ɗauki kayan ba su fi ta saurin hayayyafa. Mai nono a ruga ragowar na jiya take zubawa a madarar yau, ƙwaryar cike da bakteriya da yis iri-iri da suka saba da juna. Baƙuwa mai ɗauke da kayan da ba su amfane ta ba, da wuya ta yi kwanaki a wannan gasa. Wanda ke tsoron wata rana zai dama fura ya ga tana walƙiya, ya kwantar da hankalinsa.

Hotunan ma akwai taimakon kyamara a ciki. Ana barin idonta a buɗe na daƙiƙoƙi ta tara haske, a sa mata gilashi mai ruwan ɗorawa ya tare shuɗin fitila. Tarihin tsiro mai haske ya isa misali. A 1986 masana a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka sa wa ganyen taba ƙwayar gadon maƙesu, amma sai an shayar da shi lusiferin, kuma sai kyamara ta daɗe tana kallo. A 2013 wasu matasa suka tara dala 484,000 daga hannun mutum fiye da 8,000 a shafin tara gudunmawa na Kickstarter, da alkawarin tsiro mai haske, har ana mafarkin bishiyoyi su maye gurbin fitilun titi. A 2017 suka ɗaga hannu. Sai a 2024 kamfanin Light Bio ya fara sayar da furen fetuniya mai haske da kansa a kan dala 29, da ƙwayoyin gadon wata lemar kwaɗi mai haske. Shi ma sai ka shiga ɗaki mai duhu, idonka ya saba, sannan ka gan shi sosai. Shekara 38 ke nan tsakanin taba da furen. Mai jiran bishiya ta raba shi da kuɗin wuta, ya lallaɓa solarsa tukuna.

To ina haɗarin? GFP furotin ne mai ƙwayoyin amino 238, ciki na narkar da shi kamar sauran furotin. A wani bincike da aka buga a 2003 an ciyar da ɓeraye shi na kwana 26, ba a ga illa ba. Wannan bai mayar da shi abincin da hukuma ta amince da shi ba, amma ya nuna ba shi ne dodon ba. Dodon shi ne abin da ya tsiro tare da shi. Ruwa mai ɗumi da sukari ba ya tambayar wace ƙwaya ce ta faɗo; duk wadda ta zo daga hannu ko tari ko tsumma zai raine ta. A 2017 hukumomin lafiya na jihar Bavariya a Jamus suka gwada wani ƙunshin gwajin gida na The ODIN, suka ce sun samu ƙwayoyin cuta a ciki, har da Klebsiella pneumoniae, wasu ma masu jure wa magunguna. Kamfanin ya yi jayayya da sakamakon, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Turai kuma ta ce haɗarin ga mai lafiya kaɗan ne. Duk da haka, in za a yi irin wannan zargi a kan kayan da ke fitowa daga hannun masu sana'ar, ina ga yaron da zai yi a ɗakin kwanansa cikin ƙurar hunturu? A shekarar ce Jamus ta tunatar da jama'a cewa yin wannan gwaji a wajen ɗakin gwaji mai lasisi na iya jawo tarar har yuro 50,000.

Na biyu shi ne ƙwayar gadon jure wa magani. Bakteriya na miƙa wa juna zobban nan, har tsakanin jinsi daban-daban. Wanda ya sha ruwan da ke cike da su, ko ya zubar da faranti a kwata, ya sake su ne cikin taron ƙwayoyi. A ɗakin gwaji na ƙwarai ba a zubar da komai sai an dafa shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Sai dai kada mu yaudari kanmu. A ƙasar da ake tallar kafso a tire a tasha, mutum ya sha biyu ya ji sauƙi ya ajiye sauran, a ɗura wa kaji da shanu ba awo, farantin ɗalibi ɗaya bai kai ya zama babbar matsala ba. Rashin hankali ne dai a ƙara. Maganar kuɓucewa cikin muhalli kuwa ta fi shafar manyan halittu: a 2022 masu bincike suka ba da rahoton samun GloFish suna hayayyafa a ƙoramun Birazil bayan sun tsere daga gonakin kifi.

A Najeriya akwai doka. Hukumar NBMA, mai kula da halittun da aka sauya, an kafa ta da dokar 2015, aka gyara dokar a 2019 ta haɗa da sababbin hanyoyin gyaran ƙwayoyin gado. Shigo da irin waɗannan halittu ko aiki da su ba izininta laifi ne mai tara ko ɗauri. In kuma abin zai shiga bakin jama'a, NAFDAC na da ta cewa. Don haka wanda zai roƙi ɗan'uwansa ya saƙo masa ƙunshin a akwati daga Amurka, ya san me yake ɗauka. Abubuwan da aka amince da su a gonakinmu su ne audugar Bt a 2018, waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsar Maruka a 2019, da masarar TELA a 2024, waken da masarar daga cibiyar binciken noma ta Samaru. Babu wanda ke haske a cikinsu. Akwai tambayoyi na gaskiya a kansu: wa ke riƙe da iri, nawa manomi zai saya baɗi, me ya sa ba a rubuta a jikin buhu don mai saye ya zaɓa. Waɗannan sun cancanci a yi musu a kansu da hujja. Ɗauko bidiyon kofi mai ƙyalli a ce ga shaidar guba, raunana hujjar ne. Mai ciwon suga da ke allurar insulin a Katsina kuwa ya daɗe da shiga harkar, domin tun 1982 ake samar da insulin daga bakteriyar da aka sauya, rigakafin ciwon hanta nau'in B kuma daga yis tun 1986.

Ta fuskar addini, wanda ya ji ƙyamar abin yana da madogara. Ayar da ke cikin Suratun Nisa'i a kan canja halittar Allah tana zuwa zuciya nan take. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta haramta kwafar ɗan Adam, amma ta halatta amfani da wannan ilimi a kan bakteriya da tsirrai da dabbobi, matuƙar zai jawo maslaha ya kauce wa cutarwa. Fatawa ta malamai ce. Ni dai a wannan ma'auni ban ga maslahar sa abin sha ya yi ƙyalli don a samu mabiya ba, kuma tarbiyyarmu ba ta son wasa da abinci. Amma ma'aunin nan shi ne ya buɗe wa niyyar Patterson ƙofa.

Domin guba a abincinmu ba sai an shigo da ita ba. Akwai fumfunar da ke kama gyaɗa da masara in fari ya matsa musu a gona ko an tara su da danshi, tana fitar da aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Birazil. Tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, an kuma alaƙanta ta da tsumburewar yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta gama da ita. Saniya in ta ci ƙuli ko dusa mai ɗauke da ita, wani kaso na fita a madara. Ga kuma ɗabi'ar da kowa ya sani: a tsince gyaɗa mai kyau a kai kasuwa, yamushasshiya da fasasshiya a bar wa ƙuli-ƙuli da dabbobi. Ita ma gubar tana ƙyalli a ƙarƙashin shuɗiyar fitila bayan an tace ta a ɗakin gwaji, wani nau'i shuɗi, wani kore, kuma da haka aka fara auna ta. Amma kada wani ya ɗauki fitilar duba kuɗi ya nufi buhun gyaɗa ya yanke hukunci. Ƙyallin da ake gani a fasasshiyar masara daga wani sinadarin fumfunar yake, zato kawai yake bayarwa, rashinsa kuma ba ya wanke buhu. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe don rage fumfunar tun daga gona, akwai kuma 'yan takardun gwaji na zamani, sai dai ba a kasuwar ƙauye ake samunsu ba. A ƙara da waken da ake adanawa da fiya-fiya, wanda sinadarinta ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu a 2015, da gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a maƙwabtanmu Zamfara a 2010.

A nan makunnin nan ya yi rana. In aka cire wanda ke jin arabinos aka sa wanda ke jin guba, hasken ya zama amsar tambaya. Masana a Suwizalan da Jamus sun ƙera bakteriyar da ke haske in ta gamu da gubar arsenik, an kuma gwada ta a rijiyoyin Bangaladash. Tun 2014 wasu masu bincike a Boston suka nuna za a iya busar da kayan cikin ƙwaya a kan takarda, ba halitta mai rai, a ajiye ba firji, a ɗiga ruwa ta farka ta yi aiki. A 2020 wasu a Jami'ar Northwestern suka fitar da 'yar kwalbar da ke yin kore in ruwa na da dalma ko tagulla ko ragowar wasu magunguna. Ba kowace guba ce ke da makunni a shirye ba. Ƙarafa sun fi sauƙi, domin bakteriya sun daɗe suna kare kansu daga gare su, makunnin yana nan sai dai a aro. Aflatoksin ta fi taurin kai. Kuma gwajin da ya yi aiki a ruwa mai tsabta kan rikice in ya shiga kunu ko man gyaɗa. Daga faranti zuwa hannun mai sayen gyaɗa a kasuwa tafiya ce mai nisa, kuma yawancin irin waɗannan ƙere-ƙere a hanya suke kwana.

Amma matakin farko bai fi ƙarfinmu ba, kuma ba a ɗakin kwana ya kamata a yi shi ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma suna koyar da ilimin ƙananan halittu da sinadaran jiki. Ɗakin gwaji mai izinin NBMA, mai tukunyar tururi, da malami a tsaye, zai iya karɓar ɗaliban sakandare daga Katsina da Daura da Funtuwa su yi gwajin faranti biyun nan da hannunsu, ba mai kai komai baki. Yaron da ya ga ɗaya ya kunnu ɗaya bai kunnu ba, ya kuma san dalili, ya wuce a ruɗe shi da kwalbar tonik, kuma daga irinsa ake samun mai tambayar wane makunni ne zai ji dalma a ruwan rijiya. Zafin da E. coli ke so digiri 37 ne, wanda bazarar Katsina ke bayarwa kyauta har da gyara. Abin da zai ci kuɗi sanyi ne: ƙanƙarar ranar gwaji, da firizar da za ta riƙe zobban da magungunan ba tare da ta narke da rana ta daskare da dare ba. Duk wanda zai rubuta kasafin irin wannan ɗaki, sola da batir zai fara sawa kafin ya zo kan DNA.